Daga Rimi Zuwa Darbejiya: Tarihin Itatuwan Birnin Kano da Aikin da Ke Gaban Ƙananan Hukumomi

Sunayen unguwannin Kano kundin itatuwa ne ga mai lura. Akwai Kurna, da Ɗorayi, da Giginyu, da Dabinai. Akwai Tsamiyar Boka, da Kukar Bulukiya, da Durumin Iya, da Cediyar 'Yan Gurasa, da Rimin Kebe, ga kuma Kasuwar Rimi. Kullum muna faɗin waɗannan sunaye idan za mu hau Adaidaita Sahu, amma da yawanmu ba mu taɓa tsayawa muka nemi bishiyar da unguwar ta ci sunanta ba. A wurare da dama ko an nema ba za a samu ba. Abin da za a tarar a bakin titi da ƙofar gida da harabar makaranta shi ne darbejiya, wadda ba ta cika shekara ɗari da shigowa Najeriya ba.

Yadda aka yi bishiya guda baƙuwa ta mamaye gurbin itatuwa masu yawa na gida labari ne da ya shafi sarauta, da mulkin mallaka, da fari, da yadda hukuma ke lissafin aikinta. Sanin labarin zai taimaka wa duk ƙaramar hukumar da ke shirin rabon dashe idan damina ta kama.

Birnin da Barth ya gani

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, tun farkonsa akwai bishiya. Ya ba da labarin Barbushe a Dutsen Dala da wurin bautar Tsumburbura, inda aka kewaye wata bishiya da katanga, ba mai shiga sai shi. Ya ambaci kurmin Jakara, wanda Kasuwar Kurmi ta gaji sunansa. Ya kuma nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) an gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar tsafi, sannan a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka sare ta aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Har gobe akwai ɓurɓushin wannan tarihi a zukatanmu, domin akwai masu ƙin tsamiya ko kuka kusa da gida saboda zancen iskoki.

Sai dai sare bishiyar tsafi bai mayar da Kano fako ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo birnin a watan Fabrairun 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa, ya kuma rubuta labarin itatuwan da ya gani a tsakanin gidaje, irin su dabino da gwanda da aliliba da rimi. A lokacin babu ma'aikatar muhalli, babu bikin dashen itatuwa. Abin da ya tsare itatuwan shi ne kowace tana da aikin yi, kuma tana da mai ita.

Mu ɗauki ɗorawa. Garinta abinci ne, kalwarta ita ce daddawa, ɓawonta kuma shi ake jiƙawa a sami makuba ta shafen katanga da daɓe. Giginya ita ke ba da azara, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma da ita aka rufa soraye da zaurukan birni. 'Ya'yan bagaruwa su ne jarin majema, waɗanda fatunsu suka ƙetare Sahara. Da audugar rimi ake cusa matashi da katifa da lifidin dawaki. Itacen aduwa ake sassaƙa allo da shi, ƙirya kuma turmi da gawayin maƙera. Kuka miya ce da igiya, tsamiya kunu ce, ganyen magarya kuma da shi ake wankan gawa. A al'adar ƙasar Hausa ana iya mallakar bishiya daban da ƙasar da take kai, a gaje ta, a jinginar da ita. A wasu yankunan, 'ya'yan ɗorawa haƙƙin mai gari ne. A Damagaram an ruwaito cewa sarakuna sun kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Wanda ya ɗaga gatari a kan irin waɗannan itatuwa ya san akwai wanda zai tuhume shi.

Ya kamata mu lura cewa ko a wancan zamani Kano ba ta ƙyamaci baƙuwar bishiya ba. Dabino ta hanyar Sahara ya zo, gwanda kuwa asalinta daga nahiyar Amurka ne. Tsamiya ma, wadda 'yar Afirka ce, ta yi nata balaguron zuwa Indiya tun da daɗewa har Larabawa suka riƙa kiranta dabinon Indiya. Baƙin sun shigo ne ɗaya bayan ɗaya suka zauna a cikin 'yan gida, babu wadda ta kori sauran.

Turawa da inuwar gaggawa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari, aka shata unguwar Turawa a Nassarawa da Bompai. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. A nan ne aka fara ganin sabon abu: hukuma tana jera itatuwa a layi a gefen titi, ba don 'ya'ya ko ganye ba, don inuwa da ƙawa kawai.

Adalci ne a faɗi cewa ɗaya daga cikin itatuwan da aka fi jerawa a lokacin 'yar gida ce, wato maɗaci. Manyan maɗatan da suka rage a tsofaffin titunan Nassarawa, da takwarorinsu na Kaduna da Zariya da Yamai da Bamako, shaida ne cewa bishiyar ƙasar nan tana iya zama bishiyar titi. Amma ma'aikatan daji na Turawa suna da wata damuwar. Gari yana girma, ana buƙatar itacen girki da dirkoki, su kuma jami'an ba sa daɗewa a wuri guda. Suna son bishiyar da za su ga girmanta kafin a yi musu canjin wurin aiki. Don haka suka yi ta gwada irin da aka kawo daga Indiya da Ostireliya da wasu yankunan daular Ingila.

Wadda ta yi zarra a gwajin ita ce darbejiya. An kai ta Gana daga Indiya a zamanin Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, daga can aka kawo irinta lardin Borno a 1928. Daga Borno ta bazu yamma, gandayen renon itatuwa na En'e suna raba ta gari-gari. Ko sunayenta sun nuna baƙuwa ce: wasu su ce maina, wasu bedi, wasu dogon yaro. Masu nazarin harshe suna danganta sunan darbejiya ko dalbejiya da Dalbergia, sunan wata bishiyar Indiya dabam da ma'aikatan daji suka kawo, sunan ya zame ya koma kan wadda ta fi yaɗuwa.

A shekarun 1930 wani tsoro ya ƙara wa abin ƙarfi. E. P. Stebbing, farfesan ilimin daji a Jami'ar Edinbara, ya zagaya yankin a 1934, ya dawo yana gargaɗin cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ba da shawarar a kafa shingen daji a tare ta. Wani kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai ga hujjar cewa hamada na tafiya kamar yadda ya faɗa ba. Rahoton kwamitin ya kwanta a ofis, amma hoton hamada mai tahowa da katangar itatuwa mai tare ta ya zauna a kan masu mulki. Tun daga nan aka fara kallon bishiya kamar soja a fagen daga, wanda yawansa da saurin tsayuwarsa ake dubawa.

Me ya sa darbejiya ta yi nasara

Ba a banza darbejiya ta samu karɓuwa ba, kuma duk mai son dawo da itatuwan gida dole ya fahimci dalilin. Irinta ɗanye yana tsirowa cikin 'yan makonni ba tare da wata dabara ba. Tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi. Ɗacin ganyenta yana rage mata ɓarnar awaki, waɗanda su ne manyan maƙiyan dashe a garuruwanmu. Cikin 'yan shekaru take ba da inuwa, kuma tana riƙe da ganye a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Idan aka sare ta, sai ta sake tofowa.

Itatuwan gida kuwa kowace da halinta. Ƙwayar ɗorawa da ta kuka da ta gawo suna da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an kankare ɓawon kafin su tsiro da kyau. Gawo yana fara tura saiwa can ƙasa kafin ya yi tsawo, don haka ledar reno takan yi masa kaɗan. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'ya. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Ma'aikacin da aka ce ya fitar da dashe dubu hamsin kafin Yuli, da ɗan kuɗin da aka ba shi, ba sai an gaya masa abin da zai zuba a leda ba.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a farkon shekarun 1980, sun mayar da wannan zaɓi doka. Gwamnatin tarayya da jihohi suka shiga kafa shingayen tare iska a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, akasari da darbejiya da bishiyar turare 'yar Ostireliya. A Nijar ma, shingayen kwarin Majiya da aka fara a 1975 darbejiya ce ƙashin bayansu. Gangamin dashen itatuwa ya zama bikin shekara-shekara: babban baƙo ya dasa guda, a zuba mata ruwa, a ɗauki hoto, a sanar da adadin da aka raba.

A tsakiyar wannan ne aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya rufe babin En'e. Sababbin hukumomin sun gaji sashen gona da daji, sun gaji wasu gandayen reno, sun kuma gaji jerin irin da ake renon. Jerin bai canza sosai ba har yau. Abin da aka ƙara a 'yan shekarun nan shi ne itatuwan ado: doguwar nan siririya 'yar Indiya da ake jerawa a jikin katanga, wadda inuwarta ba ta isa mutum biyu ba, da mai rassa hawa-hawa kamar laima da ta fito daga Madagaska.

Abin da manoma suka riƙe

Yayin da birni ke komawa bishiya guda, ƙauyukan da ke kewaye da shi ba su bi sahu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a. Shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi a kan itacen girki a Kano a 1990, inda suka nuna cewa duk da fari da buƙatar birni, manoman kusa da Kano ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba. Suna sassabe reshe, suna barin uwar. Dalilin dai shi ne na zamanin Barth: bishiyar tana da mai ita.

Darasi mafi girma ya zo daga ƙetaren iyaka. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka koma ga kututturan da ke tofowa da kansu a gona. Maimakon a share su lokacin sharar gona, sai a zaɓi tofo mai ƙarfi a rage sauran, a bar shi ya girma. Da aka sassauta riƙon da ma'aikatan daji suka yi wa itatuwan gona, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram, inda gawo ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibinsu 'yan gida, ba tare da ledar reno ba. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya fara ne da tunani irin na Stebbing, daga baya ya karkata zuwa wannan hanya.

Haɗarin dogaro da guda

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja muna da ƙa'ida: kada a ɗora tsari gaba ɗaya a kan na'ura guda, domin ranar da ta tsaya komai ya tsaya. Inuwar garuruwan Arewa a yau a kan bishiya guda take. An kuma taɓa ganin gargaɗi. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai maƙalewa a ganye ya auka wa darbejiya a yankin Tafkin Cadi, ya yi ɓarna har cikin Borno. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga darbejiya tana zubar da ganye tana bushewa a sassan Nijar da arewacin Najeriya, abin da ya tayar da hankalin masana, musamman da yake ana ganin yawancin darbejiyar yankin daga iyaye 'yan kaɗan ta fito. Allah ya taƙaita, annobar ba ta share ta ba.

Wasu ƙasashen ba su tsira haka ba. Biranen Amurka sun jera bishiyar da suke kira elm a titunansu, cuta guda ta bi ta kashe miliyoyi a ƙarni na 20, unguwanni suka wayi gari ba inuwa. Daga wannan darasi ne wani masani, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 cewa kada iri guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari. Duk wanda ya ƙirga itatuwan layinsu a Kano zai ga nisan da ke tsakaninmu da wannan ma'auni.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Darbejiya tana da magani, ana kuma samun mai a ƙwayarta, amma ba ta shiga tukunya. Yaron da ya tashi a unguwar da ke da kanya da ɗinya da kurna da goriba yana samun abin taɓawa kyauta a hanyar makaranta. Na yau sai dai ya saya a tire, an kawo daga nesa. Jemagu da tsuntsaye da ƙudan zuma da suka saba da furen rimi da na ɗorawa su ma sun ja baya tare da su.

Aikin na wane ne

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai kula da tituna da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a, akwai maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota, akwai kuma hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Manyan tituna na jiha ne ko na tarayya, kuma dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna. Duk da haka, idan aka haɗa harabar firamare da asibitin sha-ka-tafi da maƙabarta da kasuwa da tasha a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, fili ne mai yawan gaske. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara sa jama'a ido a kan abin da suke yi da shi.

Tarihin da muka bi ya nuna abubuwan da za su sa dashen itatuwan gida ya yi rai. Na farko, a sa kowace a inda ta dace. Cediya da durumi ana dasa su da reshe, suna saurin kamawa, inuwarsu kuma ita ce majalisar unguwa tun kaka da kakanni, amma saiwarsu na fasa bututu da harsashin gini, don haka dandali da filin kasuwa ne wurinsu. Rimi adon gari ne, sai dai gindinsa na cin wuri, reshensa na karyewa, sai fili mai faɗi. Maɗaci da tsamiya da kanya sun dace da titi mai faɗi da harabar makaranta, amma maɗaci yana buƙatar tsaro daga masu ɓare shi don magani, domin ɓarewar da ta zagaye gindi kashe shi take yi. Kurna da magarya da aduwa sun dace da maƙabarta da gefen gari inda ruwa ke wuya. Kuka a sa ta don ganye, kuma manoman Mali sun nuna ana iya noma ta a lambu kamar zogale. Darbejiya ma tana da gurbinta: a dasa ta tsakanin masu jinkirin girma ta ba da inuwar wucin gadi, a rage ta idan sun tasa.

Na biyu, a gyara gandun reno. Tattara irin gida aiki ne na lokaci, kuma matan da ke tsintar kalwa da masu sayar da tsamiya da masu maganin gargajiya sun fi kowa sanin inda iyaye masu kyau suke. Hukumar da ta sayi iri a wurinsu ta samu iri, ta kuma samu masu kishin dashen.

Na uku, a canza abin da ake ƙirgawa. A sana'armu mun san cewa abin da aka ce a auna, shi ma'aikaci zai kyautata. Muddin rahoton shugaban ƙaramar hukuma yana ƙarewa a kan adadin da aka raba, darbejiya da itatuwan ado ne za su ci gaba da cika leda. Idan aka ce a kawo adadin da suka rayu bayan rani uku, iri nawa ne, kuma a hannun wa suke, lissafin zai sauya. Wannan ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Wayar hannu mai ɗaukar hoto da nuna wuri ta isa a yi rajistar kowace bishiya a mazaɓa.

Na huɗu, kuma shi ne gadon da muka yar, kowace bishiya ta samu mai ita. A damƙa ta ga mai shago ko mai shayin da ke gabanta, ko kwamitin masallaci, ko ajin makaranta, da sanin mai unguwa, a rubuta cewa 'ya'yanta da ganyenta nasu ne, shinge da ban ruwan shekarun farko kuma a wuyansu. Kafin a dasa sabuwa ma, a fara da rajistar tsofaffin da suka rage, domin tsamiya guda mai shekara ɗari ta fi dashe ɗari da ba a san makomarsu ba, kuma aikin faɗaɗa titi kan kwantar da ita cikin yini guda.

Shugaban ƙaramar hukuma wa'adinsa 'yan shekaru ne, tsamiya kuwa ba za ta yi inuwar kirki ba sai ya daɗe da sauka. Wannan shi ne lissafin da ya sa jami'in Turawa ya zaɓi darbejiya a 1928, kuma shi ne zai sa na yau ya sake zaɓenta, sai fa idan mutanen mazaɓa sun je da jerin itatuwan da suke so kafin a zuba iri a leda. Renon dashen da za a raba a Yuli tun cikin rani ake fara shi, don haka lokacin yin wannan magana da kansila shi ne kafin sanyin hunturu ya wuce.